Kujerun Aro

Auta ta turo ƙofar falo da kafaɗa, hannunta riƙe da takardun da ta je aka yi mata kwafinsu, sai ta tsaya cak. Ta ɗauka gidan wasu ta shigo. Inda ta bar tsohuwar ledarsu da safe an shimfiɗa jan kafet. Ga kujeru uku masu taushi, ga talabijin mai faɗin ƙofa a kan teburin guga, an rufe ƙafafun teburin da zani. Mama tana tsaye a tsakiya tana haki, tana duba aikinta.

Kayan na maƙwabciyarsu ne ta saman bene, matar direban tanka. Mama ta ce tun fitar Auta suke saukowa da su, saura labule kawai.

Baƙuwar da ake jira ma'aikaciya ce daga ofishin tallafin ɗalibai. Auta ta sami gurbi a kwalejin koyon aikin jinya, amma takardar ta ce duk wanda bai biya kuɗin makaranta kafin ƙarshen wata ba za a ba wani gurbinsa. Ta cike fom mai shafi goma sha ɗaya, ta bi layi sau huɗu. Mataki na ƙarshe ne ya rage: a turo mutum ya ga gidan da idonsa, ya tabbatar ba su da hali. An ce ƙarfe biyu. Yanzu ɗaya da rabi ta gota.

Auta ta sake yi wa Mama wannan bayanin a tsanake, kamar yadda ta yi jiya da shekaranjiya. Mama ta ce ta gane sarai.

"Mama, talauci fa za ta zo dubawa."

"To ta duba shi a zaune. Ni ba zan zaunar da baƙuwa a ƙasa ba."

Sai da Auta ta zauna a kan kafet ɗin ta ce shi ke nan, ta fasa karatun, sannan Mama ta sassauta. Aka daidaita a kan a bar kujera ɗaya. Suka naɗe kafet suka hau da shi, suka dawo suka ɗauki kujera, suka sake dawowa. Matar direban tanka ta tsaya a bakin ƙofarta tana tambaya ko kayan nata ne ba su yi ba.

Ana cikin haka Baba ya dawo daga shago da wuri saboda baƙuwar, rigarsa a goge kamar kullum. Gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago kusa da tashar mota, shekara talatin ke nan. Ya dubi falon, ya dubi matarsa da 'yarsa, ya ce shi bayansa yana ciwo, ya wuce ciki.

A kan matakala ma'aikaciyar ta same su, Auta tana sama, Mama tana ƙasa, talabijin a tsakaninsu. Mace ce gajera mai tabarau, da fayil a hammata. Ta faɗi lambar gidan da take nema, ta tambayi inda za a kai wannan. Mama ta ce wajen gyara. A daidai lokacin Auta ta ce na maƙwabta ne, aro aka yi.

Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce shekararta tara tana wannan aiki, ta ga gidan da aka ɓoye firji a banɗaki, ta ga inda aka lulluɓe babur da bargo aka ce mara lafiya ne, amma aro yau ta fara gani. Ta ajiye fayil ɗinta ta kama musu gefe ɗaya, don kwanar benen akwai matsi.

Da suka sauko ta zauna a kujerar da ta rage. Mama ta kawo ruwa a kofin da ba a taɓa ba kowa ba. Matar ta ƙirga ɗakuna, ta leƙa madafa, ta tambayi mutum nawa ke kwana a gidan, tana rubutawa. Sannan ta ce a kira maigida.

Baba ya fito ya zauna a kan kujerar roba, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Ta tambaye shi yaya kasuwa. Ya ce alhamdu lillahi. Ta ce haka ne, amma fom ɗin ba shi da gurbin rubuta wannan. Ya ce sana'a ce mai rufin asiri, wata rana a samu, wata rana a jira. Ya fara ba ta labarin wani alƙali da ba ya yarda kowa ya taɓa agogonsa sai shi. Ta bar shi ya kai ƙarshe. Ta tambayi yaushe ne wannan. Ya ce alƙalin ya rasu da daɗewa.

"Malam, a watan nan agogo nawa aka kawo maka?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ita ta cike masa shafinsa a fom, kuma abin da ya gaya mata ta rubuta, wato ana samun na cefane. Ba ta taɓa neman adadi ba. Yanzu ta ji tana so ya faɗi kaɗan, kuma tana tsoron ta ji.

Baba ya dubi bango.

"Uku," ya ce. "Ɗaya batir ne kawai."

"Watan jiya fa?"

"Watan jiya ya fi wannan shiru. Kowa a wayarsa yake duba lokaci."

Ya ƙara da cewa kayan aikinsa na gilashi ya sayar tun bara, da kuɗinsu ake cefane. Ya faɗe shi kamar mai ba da kwatancen hanya. Matar ta soke wani layi a fom ɗin Auta, ta yi rubutu a samansa, ta miƙa masa biro ya sa hannu. Ya sa hannun a hankali, da irin lanƙwasar da yake yi a rasit.

Ta ce ita ba ta yanke hukunci, kwamiti ne, za a kafe sunaye nan da kwana goma. Da ta miƙe sai ta kwance agogon hannunta, ta ce kwanan nan yana yi mata latti, ko zai duba. Baba ya karɓa, ya kai kunne, ya juya bayan agogon, ya gwada da nasa.

"Lafiyarsa ƙalau, Hajiya," ya ce, ya miƙa mata.

Ta ɗaura abinta. Auta ta raka ta har bakin titi. Matar ta tambayi inda ake samun motar komawa cikin gari.

Da Auta ta dawo ta tarar ba wanda ya motsa. Baba yana kan kujerar roba, Mama tana tsaye da kofin ruwan a hannu. Mama ta tambaye shi, in haka ne, me yake yi a shagon daga bakwai na safe zuwa magariba. Ya ce yana share wurin, yana saita agogunan bango, wani lokaci direbobi suna leƙowa su tambayi ƙarfe nawa.

"Abincin ranar da kake cewa kana saya a tasha fa?"

Baba ya ce ai shi ba mai yawan ci ba ne da rana.

Mama ta ajiye kofin. Ta shiga madafa, aka ji tana buɗe kabad tana ture kwanoni. Can ta ɗaga murya ta ce wa Auta ta zo ta miƙo mata kular abincin nan mai murfi da ke can sama, hannunta ba ya kaiwa.