Ƙwan Kajin Inna

Ranar Asabar kaɗai Auta take da ita a mako, ita ɗin ma ba tata ba ce. Kwana shida tana goge daɓen asibiti da wanke zannuwan marasa lafiya, ran na bakwai ta hau mota biyu ta tafi gidan mahaifiyarta a can ƙarshen gari, ta sake ɗaukar tsintsiya. Shekararta arba'in da uku, 'ya'yanta huɗu, amma har yau Auta ake ce mata, kuma duk aikin da ya gagari dangi a kanta yake ƙarewa. Yayanta, wanda ya fi kowa iya tsara yadda za a kula da Inna, ta waya yake tsarawa.

Tun rasuwar Baba, Inna ita kaɗai take zaune, sai kajinta tara. Idonta ya yi yana, mutum sai ya yi magana take gane shi, amma ta san inda kowane cokali yake a ɗakinta. Firjin da Yaya ya saya mata yana nan a kusurwa. Da yake wutar unguwar ba ta zama, sai ta mai da shi ma'ajiyar kwanuka, ta ce ai ko ba komai ɓera ba ya shiga. Ƙwan kajinta kuwa a wani faffaɗan kwando take jerawa a ƙarƙashin gado, inda daɓe yake da sanyi. Sabo ta ajiye a dama, na ci ta ɗauka daga hagu. Shekara talatin tana haka, ba ta taɓa fasa ruɓaɓɓe ba, kuma duk wanda ya zauna da ita na minti goma sai ya ji wannan labari.

To sai ga shi a tsakiyar zafin bana ta fasa ɗaya, wari ya kore ta daga kicin. Bayan mako biyu ta sake fasa wani. Ba ta gaya wa kowa ba, maƙwabciya ce ta ji warin ta kan katanga, ta kuwa yi abin da maƙwabta suka saba, ta kai wa dangi labari. Na ukun shi ne ya jawo magana. 'Yar Yaya ƙarama ta zo hutu, Inna ta soya mata ƙwai da safe, kafin la'asar yarinya tana amai da gudawa. Kwana biyu ta yi a gadon asibiti ana ƙara mata ruwa.

Yaya ya kira Auta tana tsakiyar matse zannuwa.

"Kin dai ga abin da nake faɗa," in ji shi. "Inna ta fara ruɗewa. Ba ta sanin wanne ne tsoho wanne ne sabo. Yau ƙwai ne, gobe sai ta manta da wuta a murhu."

"To Yaya, ya za a yi?"

"Za ta dawo wajena. Akwai ɗaki a sama. Kajin a ba maƙwabciya, gidan a rufe."

Auta ta ce to. Ta san ɗakin, hawa na uku ne, taga ɗaya, babu tsakar gida, kuma Inna da gwiwar nan tata in ta hau ta hau ke nan. Duk ta san wannan. Amma gaskiyar magana, abin da ta fara ji sanyi ne a ranta. Asabar za ta zama tata. Za ta yi barci har rana ta fito, ta wanke kayan 'ya'yanta da ido biyu. Ta ji kunyar wannan daɗi, kunyar kuma ba ta hana ta jin sa ba.

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne Inna ba ta yi musu ba. Matar da take iya yin awa guda tana gardama a kan gishiri, sai ta sunkuyar da kai kawai. "In kun ce haka, haka ne," ta ce. "Ni ma na fara tsoron kaina." Daga ranar ta daina dafa wa kowa komai. Ta kan tsaya a tsakiyar ɗaki tana ƙirga sunayen jikokinta a hankali, don ta gwada ko suna nan.

Ranar tashi ma Asabar ce. Yaya ya ce zai zo da mota bayan azahar. Tun safe Auta take ɗaure kaya, bayanta kamar zai ɓalle: zannuwa a ƙulli guda, tukwane a buhu, magunguna a leda. Inna tana zaune a bakin gado da mayafinta a cinya, ba ta ce a ɗauki wannan a bar wancan ba. A tsakar gida kaji suna ta tone-tonensu, ba su san an riga an yi kyauta da su ba.

Da ta zo kan kwandon, Auta ta jawo shi waje. Ƙwai goma sha ɗaya ne, wasu da kashin kaza a jiki, wasu da ɗan gashi a manne. Ta ɗebo ruwan sanyi a roba, ta zuba su ciki, ta ɗauko soso. Hannunta ne yake aikin, hankalinta yana kan ko buhun tukwanen zai shiga bayan mota.

"Auta, me kike wankewa?" Inna ta tambaya daga ɗaki. "Na ji kamar ba ƙarar kwano ba."

"Ƙwan ne, Inna. Kar a kai gidan Yaya da ƙazanta, kin san matarsa."

Can sai ga Inna a bakin ƙofa, tana dafe da bango.

"Ƙwan kike wankewa? Da ruwa?"

"To da me ake wanki?"

"Yau kika fara?"

Auta ta ɗago. "A'a. Tun da zafi ya shigo, na ga ƙudaje suna bin kwandon. Duk Asabar in kin kwanta da rana nakan wanke su tas, in shanya, in mayar."

"Ki mayar yaya?"

"In jera su mana. Manya gefe guda, ƙanana gefe guda."

Inna ta lalubi kujerar tsakar gida ta zauna. Auta ta zaci faɗa za ta yi, har ta shirya amsa, don ita a wajen aikinta abin da ba a wanke ba shi ne yake kashe mutum, shekara goma sha biyar ana nanata mata haka.

"'Yar nan," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa, "kaza da rigarsa take saka ƙwai. Wani ɗan maiƙo ne a bayan ɓawon, ido ba ya gani, shi yake toshe ƙofofinsa. In kin wanke kin tuɓe shi. Ruwan sanyin nan kuma ciki yake ja da dattin. Wanda aka wanke, ko a ci shi ranar, ko a sa a firji mai wuta. A zafin nan ba ya jure ajiya. Ni in na ga datti, busasshen tsumma nake sa wa." Ta numfasa. "Sannan kin haɗa mini tsoho da sabo. Ina ɗauka daga hagu, ashe na mako uku yana kwance a dama."

Auta ta dubi hannuwanta cikin ruwan. Ta tuna yarinyar nan a gadon asibiti da allura a hannu, ta tuna ita da kanta ta canja mata zanin gado tana cewa a ranta tsufa ba kyau.

"Inna, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Ke da kika tashi kina wanke har sabulu."

Sai Inna ta yi dariya, wata 'yar gajeriya, hawaye na bin kumatunta. "Wata uku ina kwana ina tashi da zaton kaina ne ya tafi. In ajiye abu, in koma in taɓa, in sake komawa. Ashe da hankalina." Ta share fuska da gefen zani. "Ashe da hankalina, Auta."

Ba ta ce a kwance kaya ba. Ba ta ce a kira Yaya ba. Ta bar maganar a nan, ta juya fuska wajen kajinta, kuma Auta ta gane dalili. Inna ba za ta tona ta ba. In Auta ta yi shiru, Inna ma shiru za ta yi, ta hau benen nan ta zauna, don ta san yadda 'yarta ta gaji. Babu wanda ya ji su sai kaji.

Auta ta tsame ƙwan ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a faranti. Ƙafafunta suna zugi. Ta hango motoci biyun nan, da cunkoson tasha, da tsintsiya, duk Asabar har iya ran da Allah ya yi. Ta hango fuskar Yaya in ya ji wanda ya kwantar masa da 'ya. Ta so ƙwarai a ce ba ta da baki.

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida, aka danna oda sau biyu. Yaya ba ya son jira.

Ta goge hannu a zaninta ta fita. Yana zaune a ciki, inji na aiki, ya sauke gilashi.

"Kun gama? A fara fito da manyan."

"Yaya, kashe motar ka shigo," in ji Auta. "Inna ba inda za ta. Ni ce na jawo wa 'yarka ciwo."