Kafin a Kai Gada

"Ku tafi da shi gida," likitan ya ce, yana zare allurar ƙarin ruwa daga hannun tsohon, mahaifin Peiluan. "In kun yi sauri, ƙila ku isa."

Peiluan ta gane nufinsa. A ƙauyensu, duk wanda ya cika a waje ba a shiga da gawarsa gari. Can bayan gonakin shinkafa ake ajiye shi. Ba zai kwanta a ɗakinsa ba, ba kuma za a bi da shi ta gindin hasumiyar ganga ba, inda mahaifinta ya yi shekara arba'in yana koya wa mutane waƙa.

Ta samo motar haya, ta kwantar da shi a kujerar baya, kansa bisa cinyarta. Suka kama hanyar dutse.

"Ina muke?" ya tambaya, idonsa a rufe.

"Mun wuce kasuwar alade, Baba."

"Wannan direban, agwagwa ma ta fi shi sauri."

Direban ya yi dariya. "Tsoho, bari mu isa, sai ka zage ni da kyau."

Saura lanƙwasar hanya biyu a hango gari, Peiluan ta ji hannun da ke riƙe da nata ya saki. Ta kira shi sau ɗaya, a hankali. Ba ta sake ba. Direban ya kalle ta ta madubi, ya kashe rediyo, ya ci gaba da tuƙi.

Mota ba ta iya haye gadar katako mai rufi da ke bakin gari. Maza huɗu na jira a can da kujerar gora ta ɗaukar mara lafiya, a gabansu kuma Gong Pan, dattijon gari, wanda ya yi waƙa kafaɗa da kafaɗa da mahaifinta tun suna samari. Shekara uku da suka wuce, da aka kawo gawar ɗansa na cikinsa daga wata masana'anta a birni, a nan ya tsaya ya hana a haye da ita.

Ya buɗe ƙofar motar. "'Yata, yana numfashi?"

Peiluan ta dubi fuskar mahaifinta.

Gong Pan ya sunkuya, ya cusa hannu cikin rigar shunin da ke jikin abokinsa. Ya daɗe a haka. Ruwan kogi na ta gudu a ƙasa, ba wanda ya motsa.

Da ya ɗago, bai dube ta ba. Ya gyara wa tsohon hula, ya janyo ta har bisa ido.

"Barci yake," ya ce wa mazan da ƙarfi. "Ku ɗauke shi a hankali. Duk wanda ya tashe shi, shi da ni ne."