Salatif a Ƙofar Ɗakin Leza

"Mama, me ya sa Baba Munji yake kallona ta gefe? Fushi yake da ni?"

Sirin ce, 'yata mai shekara huɗu, ta yi tambayar a gabansa, bakinta duk sukarin bambaluni, wani irin fanke da ya saya mata a bakin teku. Baba Munji shi ke kula da injunan ɗakin bincikenmu a garin Monastir. Ya yi dariya.

"Ke uwar surutu, ta gaba kin yi mini yawa, sai ta gefe!"

Ni kuwa na san dalili.

Aikina shimfiɗa wani sinadari mai ba da haske a kan gilashi, irin na fuskar waya, shimfiɗar da bawon albasa ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Sinadarin ba ya son zafi. Sai mun narkar da shi, mun daskarar, mun sa shi cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, sannan leza, wato na'urar haske mai ƙarfi, ta riƙa bugunsa yana sauka a gilashin. In aikin ya katse, awa uku sun tafi a banza.

Hasken lezarmu ido ba ya ganinsa, shi ya sa aka sa wa ƙofar ɗakin maɓalli: ana buɗewa, leza ta mutu. Wata Talata, wata biyar da suka wuce, sau biyu ana buɗe mini ƙofa, ga shi ƙarfe huɗu ake rufe gidan rainon Sirin. Na yanki salatif na danne maɓallin. Na ce minti arba'in ne kawai.

Wayata tana ofis. Aka kira daga gidan raino, Sirin na zazzaɓi. Baba Munji ya ɗauka, ya shigo da gudu babu tabarau na kariya, don shekara ashirin ƙofar nan ba ta taɓa yaudararsa ba. Ya sunkuyo kusa da madubin leza zai gaya mini, sai ya kira sunana.

"Olfa, 'yata... wani abu ya tsaya mini a ido."

Baƙin ɗigo ne a tsakiyar idonsa na dama. Likita ya ce ya zauna ke nan, shi ya sa yake kallo ta gefe.

Kafin kwamitin bincike ya zo, da hannunsa ya ɓare salatif ɗin. Ya ce musu shi ne bai duba maɓallin ba. Ni kuma ya ce mini, "Saura shekara biyu in ajiye aiki. Ke ga yarinya, ga digiri bai ƙare ba. Ja bakinki." Na ja, har wata biyar. Suka ba shi takardar gargaɗi, suka raba shi da ɗakin.

"To wa ya ɓata maka idon?" Sirin ta sake tambaya.

"Tsufa mana."

Na durƙusa na goge mata baki. "Ba tsufa ba ne. Ni ce."

"Kin ba shi haƙuri?"

Kullum ina sa ta ba da haƙuri ko ruwa ta zubar. Washegari na shiga ofishin shugabar sashe na faɗi komai. Aka dakatar da ni wata shida, aka janye takardar gargaɗinsa. Sati guda Baba Munji bai yi mini magana ba, wai na watsar masa da kyautarsa. Idon dai bai dawo ba.

Kai mai karatu, duk saurin da kake yi, kada ka danne maɓallin nan. Wanda zai buɗe ƙofar da gudu mai ƙaunarka ne, kuma ba zai sa tabarau ba.