Zomayen Bayan Gareji

Mai Fenti, autan gidansu, mutum ne da bakinsa ke riga hankalinsa isa wuri. Tun da zomanyarsa ta fara haifo 'ya'ya tsigi-tsigi, masu firgita ko sifana ce ta faɗi, ya samu abin faɗa: wai yayansa ya tsince ruɓaɓɓiya ya ba shi, ya riƙe masu kyau. Ya faɗa wa makanikai, ya faɗa wa masu kawo mota, har gaban mahaifiyarsu ya faɗa, Yaya na zaune yana ji.

Don ya kafa hujja, ya ɗauko likitar dabbobi, ya kuma aika a kira Yaya ya zo ya ji da kunnensa.

Kejin zomayen na bayan gareji, jikin rumfar da yake feshin fenti. Likita ta shafa wayar kejin, yatsanta ya fito shuɗi.

"Nan uwar take zama da ciki?"

"Nan ne. Ai akwai inuwa."

"Ita da ta yayanka ciki ɗaya suka fito, ni nake duba nasa, ɓul-ɓul da su. Irin ba shi da laifi, malam. Abin da uwa ke shaƙa, ga ƙarar injin nan, yakan kashe wasu umarnin da ke cikin halittar ɗan tayi, kamar a kashe makunni. Waya na nan lafiya, fitilar ce ba ta kamawa. Wani lokaci har jikoki abin ke bi."

Kunya ta rufe Mai Fenti, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Takunkumin da yake kare nasa hancin da shi na rataye a wuyansa, ya rasa yadda zai yi ya ɓoye shi. Ya sunkuyar da kai yana jiran Yaya ya rama. Wallahi da ya zage shi tas, da ya fi masa sauƙi.

Yaya ya naɗe hannun farar rigarsa, ya kama gefen kejin, fenti na goga masa a ƙirji.

"Likita, laifina ne," ya ce. "Na ba yaro dabba, ban taɓa zuwa na ga inda take kwana ba. Auta, kama can mu fitar da su."