Abin da Aka Zuba a Humrar Rayan

"Ƙaramar nike nufi, mai murfin ruwan zinariya," in ji Izzuddeen. "Cikin akwatin nan na aje ta, ƙarƙashin tufafi."

Maijidda, yayarsa, ba ta ko ɗago kai daga kisrar da take yi ba, siririyar wainar dawa. "Mai ƙamshin wardi? Ta bi kayan aure tun ran Talata. Kai dai rowa ta yi maka yawa, ya ango. Ka sayo ma yarinya turare, ka ɓoye shi ƙarƙashin wandunanka."

"Ba turare ba ne, Yaya."

"To mi ne? Man injin ban ruwa?" Ta yi dariya, ta ɓamɓare kisrar ta ɗora bisa 'yan uwanta. "Hancina bai mutu ba. Jiya wurin dakan turare Gwaggo Asabe ta juye ta duka, rabi cikin humra, rabi cikin dilka. Mata sai tambaya suke ina ka samo shi. Yau da hantsi za a murza ma amarya in ta fito daga hayaƙin turaren jiki."

Ya tsaya a bakin ƙofar madafa, hannunsa bisa katako.

Kwana tara ya rage a ɗaura aurensa da Rayan. Shekara uku yana bin gefen tur'a, babbar hanyar ruwan da ta raba gonarsu da ta mahaifinta, don kawai ya hango ta tana dawowa daga makarantar da take koyarwa, mayafinta na kaɗawa a kan koriyar alkama. Da ya je neman aurenta, mahaifin nata, Alhaji Abdulmuttalib, sharaɗi ɗaya ya kafa masa. Taba ce ta cinye muƙamuƙin ƙanen Alhajin, a kan cinyarsa ya cika. Saboda haka ya ɗauko Alƙur'ani ya ajiye a gaban Izzuddeen, ya ce ya rantse ya bar taba kowace iri, har abada. Ya rantse, kuma ran nan da zuciya ɗaya ya yi.

Wata biyu ya iya. Daga nan ya koma ga sigarin lantarki, wanda samari ke kira feb, yana gaya wa kansa ai tururi ne, ba hayaƙi ba. Da farko ruwan tabar da ake zuba masa yakan zo cikin kwalbarsa ta kamfani, da hatimi, da gargaɗi da jan rubutu, da murfin da sai ka danna da ƙarfi kafin ya buɗe. Sai masu duba ingancin kaya suka zagaya kasuwar garin Hajj Abdalla suka kwashe duk abin da ba shi da takarda. Mai takardar ya yi wuyar samu. Salih, mai gyaran waya a bayan tashar mota, ya fara sayar da nasa daga wata jarka da yake turawa ƙarƙashin tebur, kowa ya zo da kwalbarsa.

"Wanga ba a sirka shi ba tukuna, abokina," Salih ya ce masa ran nan. "Kaɗan za ka ɗiga cikin mai yawa. Kuma kada shi taɓa maka fata. In ya taɓa, wanke maza."

Tsohuwar kwalbar turare Izzuddeen ya miƙa masa ya zuba, don ko wani ya gani a gida kada ya yi tambaya.

Izzuddeen ya bar Maijidda a madafa ya fita. Ya zauna a bakin tur'a da waya a hannu. Ya rubuta wa Rayan: *Kada ki bari a shafa miki.* Ya goge. Za ta tambayi dalili, kuma wayar ma tana hannun gwaggonta Asabe tunda aka killace ta. Ya gaya wa kansa an gauraya shi da sandal da mahalab da mai, ƙarfinsa ya tafi. Ya gaya wa kansa mata kan makara, wataƙila sai bayan la'asar. Ruwa na wucewa a hankali, launin ƙasa, ɗauke da karan dawa. Wasu balbelu suka sauka, suka tashi. Daga baya, duk lokacin da ya tuna sa'ar nan, balbelun yake fara gani, da kansa zaune yana kallonsu.

Wayar ta yi ƙara. Maijidda ce, muryarta ta canza.

"Rayan ta faɗi. An sa ta a raksha mai ƙafa uku an yi asibitin Hajj Abdalla. Kana ina?"

Bai san yadda ya tuƙa babur ɗin ba. A barandar asibitin mata sun cika, wasu da lalle ɗanye a hannu. Gwaggo Asabe na zaune a ƙasa tana maimaita wa duk wanda ya iso: "Baki ne. Na ce a rufe ɗakin, ba a ji ba. Yarinya ta fito tana sheƙi awa wata, kowa sai yaba ta yake ba mai cewa masha Allah."

Ta gan shi ta zaro ido. "Kai! Mi ya kawo ka? Ango ba ya ganin amarya yanzu. Koma."

Ya wuce ta.

Ƙamshin ne ya tare shi tun daga ƙofa. Wardi, mai nauyi, ya cika ɗakin har ya danne warin magani. Rayan na kwance a kan gadon ƙarfe, naɗe cikin mayafin da aka lulluɓe ta da shi don turaren ya kama jiki. Gumi ya jiƙe mata gashi, yawu na bin gefen bakinta, yatsunta na rawa su kaɗai. Fuskar da ya daɗe yana rubuta wa wasiƙu ta koma kamar toka. Ta buɗe ido ta gan shi, har ta yi ƙoƙarin jan mayafin ta rufe fuska, don kunya.

Hakim Tahir, ma'aikacin da ke kula da asibitin shi kaɗai tun da likitoci suka tafi, yana riƙe da wuyan hannunta yana magana da mahaifinta.

"Ya Hajj, ka tabbata ba ta shiga gonar da aka yi wa feshi ba? Alamun sun yi kama da na maganin ƙwari. Ko an zuba mata ruwa a tsohuwar jarkar magani?"

"Wata guda ba ta taka ƙofar gida ba," in ji Alhaji Abdulmuttalib. Carbi na hannunsa amma ba ya ja. "Abin da muka ci shi ta ci."

"To wani abu ya shiga jikinta. In ban san ko mene ne ba, lalube nake yi. Allurar da ta rage mini kaɗan ce, kuma hanyar babban asibitin Sinnar ba ta biyuwa yau."

Alhaji ya juyo ya ga Izzuddeen. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo hannu ya dafa kafaɗarsa, kamar yadda ya dafa ta ranar rantsuwa. "Ɗana, ka zo? Yi mata addu'a. Kai Allah zai ji taka."

Izzuddeen ya dubi hannun da ke kafaɗarsa, jijiyoyi sun fito, ƙasar gona a ƙarƙashin farce. Ya san dattijon. Ba ya yin magana biyu, kuma wanda ya karya rantsuwa da Alƙur'ani ba ya sake zama a tabarmarsa. Ya san in ya buɗe baki, shekara ukun nan sun tafi, da ɗakin da ya shafe da farar ƙasa, da gadon da kafinta bai gama ba. Rayan ta sake yunƙurin amai, babu abin da ya fito. Mayafin ya zame, ya ga damtsenta na ƙyalli da mai. Har yanzu yana jikinta. Har yanzu yana shiga.

Ya sauke hannun Alhaji daga kafaɗarsa a hankali.

"Hakim, a cire mata mayafin nan, a wanke ta da sabulu yanzu, duk jikinta. Ba feshi ba ne, ba baki ba ne. Ruwan taba ne cikin humrar, wanda ba a sirka ba."

Hakim Tahir ya saki hannun Rayan ya ƙwala wa mata kira su kawo bokiti.

"Ruwan taba na wa?" Alhaji ya tambaya, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Nawa ne, Baba. Na karya rantsuwata tun bara." Bai iya kallonsa ba. "Zan tafi bayan tashar mota in ɗauko jarkar da mai sayarwar, hakim ya ga abin da ke ciki. In na dawo zan tsaya a gabanka, ka yanke abin da ka ga dama."