Tsakanin Baba Direba da Inna

"Ki ce masa maganin nan ba na ado ba ne, ya sha," in ji Inna, tana miƙo min kofi.

Baba Direba kuwa ga shi nan kwance, tsakaninsu bai kai taku uku ba. Na juya na maimaita masa.

"Ki ce mata na ji. Ciwon a ƙirji yake, bai kai kunne ba."

Aikina ke nan shekara tara, tun da na kama ɗakin da ke jikin nasu. Kafin ni 'yarsu ce mai kai saƙo, har ta yi aure ta tafi nesa. Ita ta ba ni labarin mafarin abin. An aiko cewa mahaifiyar Inna na kwance rai a hannun Allah, Baba ya riƙe maganar a cikinsa, don lokacin an yi wa Inna aiki, ko zama ba ta iyawa. Kafin ya faɗa, an binne tsohuwa. Inna ba ta yi faɗa ba, bakinta kawai ta ɗauke. Shi kuma ya kasa cewa ta yafe masa. Tana wanke masa kaya, yana gyara mata famfo, shi ke nan.

Ranar Talata da hantsi numfashinsa ya canza. Ya yafito ni.

"'Yar nan, ki ce mata..."

"Baba, ga ta nan. Yau kam ka faɗa da kanka."

Na fita na ja ƙofa, na zauna a kan matakala. Na kasa kunne, ban ji komai ba sai ƙarar fanka. Can Inna ta leƙo.

"Shigo. Ya cika."

Na riƙe hannunta, sanyi ƙalau. "Inna, ya ce wani abu?"

"Ya buɗe baki zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Na ce, bari sai ka huta, ina nan. Iyakar abin da na ce ke nan."

Mutane suka zo, suka watse. 'Yarsu ta zo ta kwana biyar ta koma wa yaranta.

Rigarsa mai ruwan toka tana kan igiya har yau, ta bushe ta yi ƙura. Duk lokacin da Inna za ta je famfo, sai ta sunkuyar da kai ta wuce ta ƙarƙashinta.