Harara Ta Kai Amarya

A Koki kowa ya san Harara, har waɗanda ba su san mai ita ba. Mota ce ja, irin ta tsere, tsohuwar yayi, mai kujera biyu tak da rufin sama da ake iya cirewa. Ƙasa-ƙasa take sosai, in za ka shige ta sai ka durƙusa kamar mai gaida surukai. Fitilunta a ɓoye suke cikin goshi, sai an danna maɓalli su ɗago. Ta dama tana ɗagowa sarai, ta hagu kuwa rabi take buɗewa ta tsaya, shi ya sa muka raɗa mata wannan suna. Mai ita abokina ne, Alhaji Isiyaku, mai sayar da shadda a Kantin Kwari.

Muna da majalisa ta masu son tsofaffin motoci, duk Lahadi da yamma a ƙofar garejin Isiyaku. Mutanen unguwa 'yan gwangwan suke ce mana, mu kuma ko a jikinmu. Ni Ɗantani, tawa Bosuwaja ce mai inji a baya, ba ta tashi sai an lallashe ta. Mamman kafinta yana da wata mai ƙafa uku da yake rantsuwa daga Italiya aka kawo ta, mu dai a-daidaita-sahu muke gani wadda ta yi karatun boko. Masu manyan jif sukan wuce suna yi mana dariya, ni kuwa haushinsu nake ji. Motar da za ka ajiye a masallacin Juma'a ka fito ka kasa gane taka cikin 'yan uwanta, ai firji ce mai taya.

Isiyaku yana da 'ya, Zaituna, ita ce 'yar farinsa. Shi kuma mutumin da ne, kunyar 'yar fari ta kama shi kamun kazar kuku. Bai taɓa kiran sunanta ba, in ta kama dole sai ya ce "yarinyar nan". Amma tun tana 'yar mitsitsiya take laɓewa a gareji tana kallonsa, har ya samo dabara: ya riƙa aika mata saƙo ta bakin mota. Harara tana son a miƙo mata sifana. Harara ta ce a je a ci abinci. Da ta ci jarrabawar shiga jami'a, abin da ya iya cewa kawai shi ne Harara ta ji labari, ta yi murna. Zaituna kuma ba ta amsawa da baki, sai ta zura hannu ta danna maɓallin fitila. Abin haushin, ita kaɗai ce in ta danna fitilar hagun ke buɗewa gaba ɗaya. Mun gwada har mun gaji, mu hararar kawai muke samu.

Da aka sa ranar aurenta da Nazeer, wani malamin makaranta ɗan Gwammaja, Isiyaku ya sanar a majalisa cewa Harara ce za ta kai amarya, kuma shi zai tuƙa. Kayan ɗaki da gara kowane uba yana yi, wannan ne abin da yake nasa shi kaɗai. Muka ce madalla. Aka shiga aiki wata da watanni: sabon fenti, sabuwar fatar kujera, aka aika har Legas neman wani ƙarfen giya. Mamman ya goge gaban mota har yana gyara hularsa a ciki. Mu duka da furfurarmu, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin yadda ake kai amarya a garin nan.

Ana saura 'yan kwanaki biki sai ga Gwaggo 'Yardada daga Shahuci, yayar Isiyaku, wadda ko shi ba ya ɗaga ido a gabanta. Ta zagaya motar tana taɓe baki, sannan ta tambaya wa zai tuƙa. Ya ce shi.

"To ni a ina zan zauna?"

Daga nan ta wanke shi tas. A ina ya taɓa ganin uba ya kai 'yarsa ɗakin miji, balle 'yar fari? Kuma amaryar gidansu ba ta fita sai da gwaggonta a gefe tana riƙe da hannunta, haka aka yi wa kowa, ba za a fara sabon salo a kan Zaituna ba. Mamman, da ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce akwai but a baya. Kallon da ta yi masa ya fi na Harara, kuma but ɗin ma ko kwandon tumatir ba zai ɗauka ba.

Isiyaku bai yi musu ba, don ya san gaskiya ta faɗa. Ya ɗauko tamfol ya lulluɓe motar, ya ce shi ke nan. Wallahi ya ba ni tausayi. Mutumin da duk rayuwarsa da baki ɗaya yake magana da 'yarsa, ga shi an rufe bakin a ranar da ya fi bukatarsa.

Ranar biki Gwaggo ta kafa doka cewa kafin magariba amarya tana ɗakinta. Bayan la'asar jif-jif na dangi da abokan ango suka jeru a bakin titi. Aka kai Zaituna wajen mahaifinta ya yi mata nasiha, ya ce a yi haƙuri, a ji tsoron Allah, idonsa a kan tabarma, ya kasa ƙarawa. Mata suka fito da ita a lulluɓe ana guɗa. Suna isowa ƙofar gareji ta ja ta tsaya, ta ɗora hannu a kan tamfol, aka yi aka yi ta ƙi motsi. Matan suka ɗauka kukan amare ne da aka saba. Gwaggo ta daɗe tana kallon hannun nan, sannan ta yafito ni.

"Ɗantani, abin nan yana tafiya ba a kunna shi ba?"

Na ce yana tafiya, in an samu masu turawa.

"To ga ku nan ƙarti, ba aikin fari ba na baƙi. Ku cire mata rufin saman, ɗaurin kaina ba zai shiga ba."

Aka zaunar da amarya a kujerar gefe, amma shigar da Gwaggo kujerar direba, ita da ba ta taɓa tuƙi ba, sai da ya zama aikin gayya. Ta zauna tana salati, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, ta kama hannun amarya da dama, ta kama sitiyari da hagu kamar mai riƙe da faifai. Mamman ya tsaya a gefenta zai riƙa juya mata kan motar, in ya taɓa ta make masa hannu, in ya saki ta ce zai jefa su kwata. Mu sauran muka koma baya muka ce bismilla.

Ba mu yi nisa ba muka iso tudun nan da matasan unguwa suka yi don masu gudu da babur. Cikin Harara ya zauna a kai daram. Muka danna, muka yi nishi, ta ƙi. Isiyaku yana tsaye a bakin zaure yana leƙenmu, kuma abin da ya kasa jurewa shi ne inda muka dafa.

"Ba nan ake kamawa ba, za ku lotsa ta."

Kafin a ankara ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya ture ni gefe, ya ɗaga bayan motar ta haye. Kuma bai saki ba. Mata suka fara ƙus-ƙus, ga uban amarya a cikin 'yan kai amarya. Gwaggo ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Ni ban ga uban kowa ba," in ji ta. "Mai mota na gani yana tura motarsa."

Aka rangaɗa guɗa, muka hau titi. Jif-jif ɗin nan masu sanyi suka biyo mu a baya suna rarrafe, kuma ban ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi ƙwarai. 'Yan a-daidaita-sahu suna tambaya ko mai ne ya ƙare, masu shago suna ɗauka a waya, Gwaggo kuwa tuni ta saki jiki, har tana ce wa Mamman ya matsa yana kare mata hanya. Ni bayana ya riƙe tun kafin mu hango Dala. Isiyaku bai ɗago kai ba ko sau ɗaya, ruwa yana ɗiga daga fuskarsa a kan sabon fentin, kuma ba duka ne gumi ba.

A bakin lungun su Nazeer ya tsaya, don ko mai tura mota ya san iyakarsa. Ya zagayo gaban motar, ya sa hannun riga yana goge goshinta, inda ba wata ƙura. Murya ƙasa-ƙasa ya yi magana, amma mu na kusa mun ji.

"To Harara, na kawo ki iya inda zan iya. Ki yi haƙuri da mutane. Duk ran da wani abu ya dame ki, kin san hanyar gareji, ba a kulle shi."

Wani hannu mai jan lalle ya fito daga cikin lulluɓi, ya lalubi maɓallin. Fitilu biyun suka ɗago tare, ta hagun ta buɗe gaba ɗaya, suka haske shi ga rana tana shirin faɗuwa. Gwaggo ta ja gefen mayafinta ta share ido tana faɗan wai turaren motar ya yi yawa.

Isiyaku ya cire hula ya goge fuska, ya juyo gare ni.

"Ɗantani, batirin nan zai mutu fa."

Amma bai ce a kashe ba.